Kafin Ka Taɓa Uwar Garke, Tambaye Ta Shekarunta

A wani dare cikin watan Yulin 2024, wajen ƙarfe goma da rabi, shugaban wata makarantar kuɗi da ke unguwarmu ya kira ni. Washegari za su saki sakamakon zango na uku, kuma iyayen yara sun saba duba sakamakon a shafin makarantar ta wayoyinsu. Ga shi tun yamma duk wanda ya buɗe shafin sai Chrome ta tare shi da gargaɗin cewa wurin ba shi da tsaro. Yaron da ya gina musu shafin shekaru shida da suka wuce ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga. Abin da ya bar musu takarda ce guda, ɗauke da adireshin uwar garke da kalmar sirri.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka kwanta abinka. Aikin minti goma ne."

Matsalar a fili take. Takardar shaidar tsaron shafin ce wa'adinta ya ƙare, sai dai a sabunta ta. An ɗauke wuta, kwamfutata babu caji, don haka da waya na shiga uwar garken ta manhajar Termux. Na rubuta umarnin da hannuna ya saba da shi, wanda ke farawa da apt. Ta ce ba ta san wannan umarni ba. Na ɗauka kuskuren yatsa ne, na sake rubutawa. Amsa ɗaya. Na koma YouTube na kwafo umarnin wani, na liƙa. Amsa ɗaya. Bayan kusan minti arba'in na tuna da yum, na gwada shi. Wannan karon ta gane umarnin, amma ta ce ta kasa isa rumbun da ake ɗebo manhajoji. Na ɗora wa netwok laifi, har na canza layi na sayi sabuwar data. Na manta shaf cewa ba wayata ce ke sauke kayan ba, uwar garken ce da ke can wata ƙasa.

Sai wajen ƙarfe ɗaya na dare na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na rubuta:

cat /etc/os-release

Amsa ta fito: CentOS Linux 7. Masu kula da wannan zubi sun daina kula da shi ranar 30 ga Yunin 2024, suka kuma kashe adireshin da yum ke tuntuɓa idan za ta ɗebo kaya. Makonni uku ke nan kacal kafin wannan daren. Awa biyu da rabi na ɓata ina ba wa na'ura umarni ban san wace ce ita ba, kuma laifin ba na kowa ba ne, nawa ne.

Tun daga ranar na riƙe wata ƙa'ida, ita ce kuma nake so in kare a wannan rubutu. Aikin farko na duk wanda aka damƙa wa uwar garke shi ne ya san babbar manhajar da ke kanta, ya san zubinta, ya san ranar da za a daina kula da ita. Wanda ya biya kuɗi aka gina masa shafi shi ma yana da haƙƙin ya yi wannan tambaya, ko da bai taɓa rubuta umarni ko ɗaya ba a rayuwarsa.

Ka riga ka san wannan a wayarka

Uwar garke, wadda mu masu aikin muka fi kira saba, kwamfuta ce da ke kunne dare da rana tana jiran buƙatu. Duk lokacin da ka duba sakamakon jarrabawa, ko ka tura kuɗi ta manhajar banki, ko ka buɗe wannan shafin da kake karantawa, wayarka saƙo take aika wa wata uwar garke, ita kuma ta dawo mata da amsa. Kamar yadda wayarka ke da Android ko iOS, ita ma tana da babbar manhajarta. Mafi yawan waɗanda ke ɗauke da shafukan intanet Linux ce a kansu, wasu kuma Windows Server.

To amma cewa "Linux ce" bai wadatar ba, kamar yadda cewa "Android ce" bai wadatar ba. Wanda ke riƙe da Android 4.4 da wanda ke riƙe da Android 14 duk Android suke amfani da ita. Amma tun watan Oktoban 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayar na farkon, domin ta ce sai Android 5.0 zuwa sama. Lambar nan da ke bayan suna ita ke yanke hukuncin abin da zai yi aiki da abin da ba zai yi ba.

A Linux abin ya ƙara rassa. Akwai gidaje da yawa da ke haɗa ta: Ubuntu, Debian, Red Hat, AlmaLinux, Rocky Linux da sauransu. Ubuntu da Debian dangi ne, da apt ake sa musu manhaja. Red Hat da 'yan gidanta da yum ko dnf ake sa musu. Wurin da fayilolin saiti suke ya bambanta, har sunayen wasu manhajojin ma sun bambanta. Apache, sananniyar manhajar da ke miƙa shafuka, sunanta apache2 a Ubuntu, amma httpd a gidan Red Hat. Mai bidiyon da ka kwafi umarninsa bai yi ƙarya ba. Da tasa na'urar yake magana, kai kuma ba ka duba ko taka 'yar gidansu ce ba.

Yadda ake tambayar ta

Abin takaicin shi ne tambayar ba ta cin minti ɗaya. Idan ka shiga uwar garke mai Linux, fara da wancan umarnin, cat /etc/os-release. Fayil ne ɗan ƙarami da kusan dukkan zubin Linux na zamani ke ɗauke da shi. Layi biyu za ka nema. PRETTY_NAME zai ba ka cikakken suna, misali Ubuntu 22.04 LTS. VERSION_ID zai ba ka lambar ita kaɗai.

Umarnin hostnamectl yana nuna sunan babbar manhaja da lambar ƙwayarta a lokaci guda. Akwai kuma lsb_release -a da ake yawan gani a darussa, sai dai ba kowace na'ura ce ke zuwa da shi ba, don haka kada hankalinka ya tashi idan ta ce ba ta san shi ba. A tsofaffin na'urorin gidan Red Hat, duba /etc/redhat-release. A Debian akwai /etc/debian_version. Idan Windows Server ce, rubuta winver sai wani ɗan akwati ya fito da zubin, ko systeminfo idan cikakken bayani kake so.

Idan wurin haya ne na haɗaka, irin wanda ake shiga ta cPanel, ba kai ke da ikon babbar manhajar ba. Duk da haka akwai sashen Server Information da ke nuna wasu bayanai, kuma za ka iya ganin zubin PHP da shafinka ke amfani da shi. Sauran kuma ka aika wa kamfanin saƙo ka tambaya. Kuɗinka ka biya. Matambayi ba ya ɓata.

Lambar da ke ruɗar mutane

Da yawa idan ka ce su gaya maka zubin uwar garkensu, uname -r suke rubutawa su karanto maka abin da ya fito. Wannan amsar wata tambaya ce daban. Umarnin uname lambar ƙwayar Linux yake bayarwa, wato kenel, ɓangaren da ke magana kai tsaye da injin. Kenel kamar injin mota ne. Sanin injin bai gaya maka ƙirar motar ba.

Ga misali daga waccan uwar garken ta makaranta. CentOS 7 ta fito a 2014 da kenel 3.10, kuma har ta cika shekara goma aka rufe ta, 3.10 ɗin take nunawa. Ba wai ba a taɓa gyara ta ba ne. Al'adar Red Hat, da Debian, da Ubuntu ita ce idan aka gano ɓaraka, sukan ɗauko facin su ɗinka shi a jikin tsohon zubin da suka riga suka ba mutane. Babbar lambar tana nan yadda take, wutsiyarta ce kawai ke ƙaruwa. Suna yin haka ne don kada gyaran tsaro ya zo da canjin da zai karya aikin mutane. Saboda haka tsohuwar lamba ba kullum take nufin haɗari ba. Abin tambaya shi ne, har yanzu akwai masu ɗinka mata faci, kuma kai kana karɓa?

Wani wurin da ake ruɗewa shi ne Docker. Idan kana cikin akwatin Docker, fayil ɗin os-release zai gaya maka abin da ke cikin akwatin, wataƙila Alpine ko Debian, amma uname zai nuna maka kenel ɗin na'urar da ke ɗauke da akwatin. Amsoshin biyu duk gaskiya ne, kowace da abin da take nufi.

Kana iya ganin irin wannan a hannunka yanzu. Idan kana da Termux, rubuta uname -r, za ka ga lambar kenel ɗin Linux da ke ƙarƙashin Android ɗinka. Sannan rubuta getprop ro.build.version.release, za ka ga zubin Android ɗin kansa. Waya ɗaya, lambobi biyu.

Kowane zubi da ranar rufe littafinsa

Sanin lambar rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne ka san ranar da masu ita za su janye hannu. Ba a ɓoye waɗannan ranakun, tun da wuri ake shelanta su.

Ubuntu ta fi kowa sauƙin karantawa, domin lambarta shekara ce da wata. 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ake fitar da zubin dogon zango mai alamar LTS, kuma shekara biyar ake kula da shi kyauta. Waɗanda ke fitowa a tsakani wata tara kacal suke samu, don haka ba su dace da uwar garke ba. Kulawar yau da kullum ta 18.04 ta ƙare a Mayun 2023, ta 20.04 kuma a Mayun 2025. Zubin 22.04 zai kai 2027, 24.04 kuma 2029. Akwai tsarin Ubuntu Pro da ke tsawaita facin tsaro zuwa shekara goma, kuma kyauta ne ga mutum a kan na'urorinsa na kansa har guda biyar.

Debian takan fito da sabon zubi kusan duk shekara biyu: 11 a 2021, 12 a 2023, 13 a 2025. A ɓangaren Microsoft, Windows Server 2008 ta kai ƙarshen wa'adinta a Janairun 2020, Windows Server 2012 kuma ranar 10 ga Oktoban 2023.

Labarin CentOS 8 ya isa darasi ga mai cewa ya duba sau ɗaya ya gama. Da ta fito a 2019, alƙawarin shi ne za a kula da ita har 2029. A Disambar 2020 aka sanar da cewa an dawo da ranar zuwa 31 ga Disambar 2021. Waɗanda suka gina aikinsu a kanta suna lissafin shekara goma sai suka wayi gari da shekara ɗaya a hannu. Wannan ne ya haifar da AlmaLinux da Rocky Linux a 2021. Ranar rufe littafi tana iya matsowa, shi ya sa ake sake dubawa.

Haɗarin zubin da wa'adinsa ya ƙare shi ne ba ya nuna alama. Ranar 1 ga Yulin 2024 shafin makarantar nan ya buɗe lafiya lau kamar jiya. Babu ƙararrawa, babu jan rubutu. Abin da ya canza shi ne duk ɓarakar da aka gano daga ranar, babu wanda zai zo ya toshe ta.

Ranar da labari ya fashe

Wani zai ce duk wannan surutun masu kwamfuta ne. To mu duba abubuwa biyu da suka faru.

Ranar 14 ga Maris, 2017, Microsoft ta fitar da facin wata ɓaraka a tsarin musayar fayiloli na Windows. Ranar 12 ga Mayu, wata biyu bayan nan, cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, ta kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Maganin ya riga cutar fitowa da wata biyu. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sa facin ba, da waɗanda ke kan zubin da aka daina kula da shi. Abin ya kai sai da Microsoft ta karya al'adarta ta fitar da facin gaggawa ga Windows XP da Windows Server 2003, waɗanda ta daɗe da sallama.

Na biyu ya fi kusa. Ranar 1 ga Yulin 2024, kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana wata ɓaraka a OpenSSH, manhajar da muke bi ta cikinta mu shiga uwar garke daga nesa. Sun sa mata suna regreSSHion. Ta shafi zubi 8.5 zuwa 9.7. Ubuntu 22.04 tana zuwa da OpenSSH 8.9, don haka tana ciki. Ubuntu 20.04 tana zuwa da 8.2, don haka ta tsira, duk da ta girmi 22.04. Da Ubuntu ta fitar da gyara kuma, lambar ba ta tashi daga 8.9 ba, wutsiyarta ce ta canza.

Lura da abin da wannan ke nunawa. A irin wannan rana tambaya ɗaya ce a bakin kowa: abin ya shafe ni? Wanda ya san zubinsa zai amsa cikin minti biyu, ya sa faci idan da buƙata, ya ci gaba da harkarsa. Wanda bai sani ba, ko dai ya firgita a banza, ko ya yi barci alhali ƙofarsa a buɗe take. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ko ba ka duba ba, wasu sun duba

Ga abin da ya fi tayar min da hankali lokacin da na fara koyo. Ba sai mutum ya shiga uwar garke ba kafin ya yi hasashen zubinta. Ita da kanta take gabatar da kanta.

Idan ka ƙwanƙwasa ƙofar SSH, kafin a tambaye ka kalmar sirri, na'urar takan faɗi zubin OpenSSH ɗinta, a Ubuntu da Debian har da sunan gidansu. Wanda ya ga 8.9 tare da sunan Ubuntu ya san 22.04 ce. Idan 9.6 ce, 24.04 ke nan. Haka ma manhajar miƙa shafuka. Rubuta curl -I da adireshin shafinka, ka duba layin da ya fara da Server. Sau da yawa za ka ga Apache ko nginx da lambarsu, da sunan babbar manhajar a gefe. Manhajar Nmap, wadda Gordon Lyon ya fitar a 1997, tana iya hasashen babbar manhaja daga salon yadda na'ura ke amsa saƙonni. Shafin Shodan kuma tun 2009 yake zagaya intanet yana tattara irin waɗannan bayanai, kowa na iya bincikawa.

A nan ne nake saɓa wa wasu abokan aikina. Da zarar sun ji wannan, shawararsu ita ce a ɓoye lambar: a sa server_tokens off a nginx, ko ServerTokens Prod a Apache. Ban ce kada a yi ba. Ni ma ina yi, layi ɗaya ne, kuma babu amfanin yi wa baƙo tallan abin da bai tambaya ba. Abin da na ƙi shi ne a yi shi a ɗauka an yi tsaro. Yawancin hare-haren da ke zuwa kan ƙaramar uwar garke ba mutum ne ke zaune ya zaɓe ka ba. Manhajoji ne masu sarrafa kansu ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya, suna gwada makullinsu a kowace ƙofa, ko ta faɗi sunanta ko ba ta faɗa ba. Ka buɗe kundin shige da fice na SSH a kowace uwar garke da ta kwana biyu a intanet, za ka ga jerin baƙin da suka gwada shiga. Goge lambar daga jikin kwaɗon da ya lalace ba ya gyara kwaɗon. Abin ban haushi ma, na ga inda mai na'urar ya ɓoye lambar, shi kansa kuma bai san ta ba.

Gargaɗi ga ƙannena masu zumuɗin gwaji: a kan na'urarka za ka gwada waɗannan, ko wadda mai ita ya ba ka izini. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izini ba, kuma "koyo nake yi" ba hujja ba ce. Masu Nmap sun tanadi adireshin scanme.nmap.org musamman don masu koyo.

"Tunda tana aiki, a ƙyale ta"

Wannan ita ce babbar hujjar da ake kawo min, kuma ba zan raina ta ba, domin na ɗanɗana gaskiyar da ke cikinta. Ɗaga zubi yana karya abubuwa. A daren nan na samu na nuna wa yum rumbun ajiyar tsofaffin kayan CentOS, na sabunta takardar shaidar, iyaye suka duba sakamako da safe. Amma wannan ɗaurin wucin gadi ne. Da aka tafi dogon hutu na kwashe shafin zuwa Ubuntu 24.04, sai ya ƙi tashi gaba ɗaya. An rubuta shi ne don PHP 5.4, wanda CentOS 7 ke zuwa da shi, sabuwar na'urar kuma PHP 8.3 gare ta. Hanyar da tsohon shafin ke bi ya yi magana da rumbun bayanai an cire ta tun a PHP 7.0. Sai da na bi fayil bayan fayil ina sake rubutawa. Kusan mako uku ya ci.

To me ya sa har yanzu nake cewa a yi? Saboda wannan wahalar ba ta da makawa, lokacinta kawai kake da ikon zaɓa. Ko ka yi ta cikin hutu, da kwafin ajiya a gefe, da na'urar gwaji, ko ka yi ta da ƙarfe ɗaya na dare mai makaranta na kiran wayarka. Kuma jinkiri ƙara mata nauyi yake. A Ubuntu ba a tsallake zubin LTS wajen ɗagawa: daga 18.04 sai ka bi ta 20.04, sannan 22.04, kafin 24.04. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujja ta biyu kuɗi ce. Hayar uwar garke da dala ake biya, kowa kuma ya san halin da naira ke ciki. Gaskiya ne. Amma Ubuntu, Debian, AlmaLinux da Rocky Linux duk kyauta ne, sabon zubi bai fi tsoho tsada ba. Kamfanonin haya da yawa da awa suke lissafi, don haka na'urar gwaji ta kwana biyu ba za ta karya kowa ba. Abin da ake biya da gaske shi ne lokacin mai aiki. A nan laifinmu ne mu masu gina shafuka. Mukan karɓi kuɗin gini mu miƙa makulli mu tafi, ba ma gaya wa mai shafi cewa abin da ya saya yana da wa'adi, don kada ya ga kamar muna neman ƙarin kuɗi. Wannan kunyar cutarwa ce.

Hujja ta uku ita ce, "Wa zai damu da ɗan shafinmu?" A uwar garken makarantar nan akwai sunayen yara, hotunansu, ranakun haihuwarsu, da lambobin wayar iyayensu. Duk wanda ya taɓa samun kiran ɗan damfara da ya san sunansa da sunan ɗansa ya san darajar irin wannan jeri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane alhakin tsare su. Ko babu doka ma, amana ce.

Abin da nake so ka yi

Idan kai mai gina shafuka ne, ranar da aka ba ka makullin uwar garke, kafin ka sa komai ko ka cire komai, buɗe fayil ko littafi ka rubuta abu huɗu: sunan babbar manhaja da zubinta, ranar da wa'adinta zai ƙare, zubin manyan manhajojin da shafin ya dogara da su irin PHP da rumbun bayanai, da ranar da aka sa faci na ƙarshe. Ka sa wa wayarka tunatarwa wata shida kafin ranar ƙarewar. Ka ba mai shafin kwafin wannan takarda, ka yi masa bayani da Hausar da zai gane. Idan ka nemi taimako a wani zaure, ko ka tambayi ChatGPT, fara da faɗin zubinka, in ba haka ba za a ba ka maganin ciwon wani.

Idan kai ne mai shago, ko makaranta, ko ƙungiyar da aka gina wa shafi, tura wa wanda ya gina maka saƙo yau: "Wace babbar manhaja ce a kan uwar garkenmu, kuma yaushe za a daina kula da ita?" Ba sai ka fahimci duk amsar ba, ranar kawai za ka riƙe. Idan ya amsa nan take, ka samu na ƙwarai. Idan ya ce bari ya duba, babu laifi, ka sa shi ya duba ke nan. Idan ya ce wannan ba abin damuwa ba ne, to fara damuwa.

Idan kuma waya kawai gare ka, shiga Settings, ka gangara About phone, ka nemo zubin Android ɗinka da kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan kwanan watan ya haura shekara biyu, kuma ka duba babu sabon da ke jiran saukewa, ka sa a ranka cewa wayar da ke ɗauke da manhajar bankinka ta shiga sahun waccan uwar garken. Ka kiyaye abin da kake saukewa a kanta, kuma ranar da za ka sayi wata, ka tambayi shekara nawa kamfanin ya yi alƙawarin turo faci, kamar yadda kake tambayar kyamara da batir.

Shafin makarantar nan yana nan yana aiki. A cikin durowar shugaban yanzu takarda biyu ce. Ta farko ita ce tsohuwar, mai adireshi da kalmar sirri, wadda tuni muka canza. Ta biyu ni na rubuta ta da hannuna, kuma a layinta na farko akwai "Ubuntu 24.04" da shekarar 2029. Na gaya masa ko na bar gari, ko lambata ta daina shiga, ya miƙa wa duk wanda ya zo bayana wannan takardar kafin ya ba shi kalmar sirri.